Awon Waƙa a Ƙasar Sin: Daga Shijing Zuwa Ci

Jama'a, assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Tsohon diwanin Sinawa shi ne Shijing, waƙoƙi 305 na zamanin daular Zhou, galibi kalma huɗu a kowane ɗango. Akwai na noma, na soyayya, na fada. A zamanin Han kuma sarki yana da hukumar kiɗa, Yuefu, mai tattaro waƙoƙin talakawa, har sunanta ya koma sunan salon waƙa. Ba a nan zan daɗe ba.

Inda nake so ku kasa kunne shi ne daular Tang, daga 618 zuwa 907, zamanin manyan mawaƙan nan, Li Bai da Du Fu. A nan salon lushi ya nuna. Ɗango takwas ne, ba ƙari ba ragi, kowanne da kalma biyar ko bakwai, amsa-amo yana faɗawa a na biyu, na huɗu, na shida da na takwas. Wannan duk mai sauƙi ne. Wuyar tana tsakiya: ɗango na uku da na huɗu, da na biyar da na shida, sai sun yi tagwaye. In ka sa dutse a nan, can ka sa kogi. Launi ya fuskanci launi, ƙidaya ta fuskanci ƙidaya.

Sannan ga karin sauti. Hausa ma tana da shi, amma mu da nauyin gaɓa muke auna rubutacciyar waƙa. Su kuwa sun raba karin sautinsu gida biyu, miƙaƙƙe da karkatacce, kowanne da gurbinsa a ɗango. Kalma ta dace da ma'ana, sautinta ya saɓa, dole a jefar da ita. Kuma ba wasa ba ne, har a jarrabawar neman aikin sarki ana ba da waƙa. Ni a ganina Du Fu ya fi kowa iya zama cikin wannan ƙunci ba tare da an ga yana gumi ba. Mai ɗango huɗu kuma sunanta jueju.

Salon da Sinawa ke kira "ci", na daular Song, daga 960 zuwa 1279, ba zai ba ku mamaki ba. Kari ne sananne ake ɗauka a zuba masa sabbin kalmomi, yadda sha'iranmu ke aron karin waƙar baka su ɗora wa'azi. Shi ya sa ɗangogin suke fitowa dogo da gajere. Cikin gwanayensa akwai mace, Li Qingzhao. A ƙasar Sin yawancin waɗancan karuruwa sun ɓace, kalmomin ne suka rage a takarda.