Tuta, Mikiya da Matar da ke Riƙe da Fitila: Alamomin Amurka

Yara manyan gobe, sannunku da zuwa. Ku matso kusa, yau za mu haye teku zuwa Amurka, mu ga abubuwan da mutanen can suke nunawa idan suna so su ce "wannan ita ce ƙasarmu."

Ga tutarsu nan tana kaɗawa. Ku ƙirga layukan: ja bakwai, fari shida, goma sha uku ke nan. Yankuna 13 ne suka haɗa kai suka ce sun gaji da mulkin Ingila a ranar 4 ga Yuli, 1776, shi ya sa kowanne aka ba shi layi. Taurarin da ke cikin shuɗin nan kuwa 50 ne, kowace jiha da nata. Da can ba su kai haka ba, duk lokacin da sabuwar jiha ta shigo sai a ƙara tauraro. Na ƙarshe na jihar Hawaii ne, aka sa shi a 1960, shekarar da Najeriya da Nijar suka sami 'yancin kai.

To, wannan tsuntsuwa mai farin kai fa? Mikiya ce. Mu ma akwai jar mikiya a saman tambarin Najeriya, ku duba bangon fasfo za ku gan ta. Ta Amurka ta hau hatiminsu tun 1782. A ƙafarta ɗaya ta damƙe kibau 13, a ɗayar reshen zaitun, amma fuskarta wajen zaitun ta juya, wato zaman lafiya suka fi so. Akwai lokacin da mikiyar nan ta kusa ƙarewa, saboda wani maganin ƙwari mai suna DDT da ya sa ɓawon ƙwanta ya yi laushi, da ta hau kwanci sai ya fashe. Aka hana amfani da maganin a 1972, ta sake hayayyafa.

Yanzu ga wadda na fi so in nuna muku. A wani ɗan tsibiri a bakin tekun birnin New York, akwai mutum-mutumin wata mace ta ɗaga fitila sama. Sunanta Mutum-mutumin 'Yanci. Ba bauta mata ake yi ba, alama ce kawai, kamar yadda tuta take alama. Mutanen Faransa ne suka ba Amurka kyautarta. Wani gwanin sassaƙa, Frédéric Bartholdi, ya tsara siffarta, Gustave Eiffel kuma, mai hasumiyar nan ta birnin Paris, ya ƙera ƙarafan da ke riƙe da ita daga ciki. Gunduwa-gunduwa aka kawo ta a jirgin ruwa, guda 350 cikin akwatuna 214, aka harhaɗa, aka buɗe ta a watan Oktoba na 1886.

Tsawonta mita 46, in an haɗa da dandamalin da take tsaye a kai, mita 93. Yatsarta manuniya kaɗai ta fi Babanku tsawo! Amma fatar jikinta siririya ce, kamar ka ɗora kwabo biyu. Jan ƙarfe ne, da farko launinta ja-ja-ja, iska da ruwan sama ne suka mai da ita koriya a hankali.

Kuɗin dandamalin ya taɓa ƙarewa, aiki ya tsaya cak. Sai wani mai jarida, Joseph Pulitzer, ya roƙi jama'a su taimaka, ya yi alkawarin buga sunan duk wanda ya bayar, komai ƙanƙantar kuɗinsa. Har yara sa'anninku suka aika da 'yan kuɗin asusunsu.

A hannun hagu tana rungume da allo, an rubuta ranar 'yancin nan ta 1776. Amma ku sunkuyar da ido ƙasa, wurin da yawancin masu ziyara ba sa gani. Ga sarƙa da mari a tsinke kusa da ƙafafunta. Wanda ya fara kawo shawarar yin ta, Édouard de Laboulaye, mutum ne da ya ƙi jinin cinikin bayi, kuma a 1865 ne Amurka ta haramta bauta. Bayin nan daga Afirka aka kwashe kakanninsu, da yawa daga Afirka ta Yamma. Duk lokacin da na ga sarƙar nan, su nake tunawa.

Kusa da ita akwai tsibirin Ellis, inda baƙi fiye da miliyan 12 suka sauka tsakanin 1892 da 1954. Bayan kwanaki masu yawa cikin jirgi ba abin gani sai ruwa, fitilar nan suke fara hangowa, uwa ta ɗaga ɗanta sama ta ce masa, ga ta can, mun iso.