Lacca: Yadda gwamnatin Amurka take biyan manomi don ya bar gonarsa ta huta

Assalamu alaikum. Na can baya kuna jina ko? To madalla.

Jama'a yau zan kai ku wata gunduma ne a jihar Oklahoma ta Amurka, sunanta Cimarron, kamar dai ƙaramar hukuma a wajenmu. Wuri ne busasshe, ruwan da suke samu a shekara baya kai milimita 500, ku ɗauka kamar wajen Zinder. Asalinsa makiyaya ce, ciyawa ce ta riƙe ƙasar, sai a shekarun 1920 alkama ta yi kuɗi ga tarakta ta shigo, mutane suka bi dajin nan suka kafce shi kaf, kowa yana so ya ƙara eka, sai farashi ya faɗi, fari kuma ya biyo baya, ƙasa ta zauna tsirara ba abin da zai riƙe ta. Iska ta fara kwasa. Ranar 14 ga Afrilu 1935 ƙura ta taso ta rufe rana har mutum baya ganin hannunsa, dabbobi suka mutu, yara suka kama ciwon huhu. A shekarar ƙurar ta kai har Washington, kuma wani masanin ƙasa Hugh Bennett dama ya daɗe yana yiwa 'yan majalisa magiya su ɗauki mataki kan zaizayar ƙasa. Kafin watan ya ƙare aka sa hannu a dokar da ta kafa hukumar kare ƙasar noma, wadda tun 1994 ake kira NRCS.

Toh ga inda nake so ku buɗe kunne. Taimakon da gwamnatin Amurka take ba manoma ciniki ne, da sharaɗi. A 1985 aka kawo shirin CRP, manomi zai sa hannu a yarjejeniyar shekara 10 zuwa 15, ya cire gonar da iska ko ruwa ke zaizayewa daga noma ya shuka mata ciyawa ko itatuwa, gwamnati kuma ta riƙa biyansa haya duk shekara, ta kuma ɗauki wani kaso na kuɗin shukar. In ka karya alkawari ka mayar da garma, zaka dawo da kuɗin ne har da tara. Akwai kuma EQIP da ya zo a 1996, shi kana noma abinka, amma in zaka yi shinge, ko wurin shan ruwan dabbobi, ko ka gyara ban ruwa, a kan biya maka har kashi 75 cikin ɗari, kuma galibi sai an zo an duba aikin da ido tukuna. Wannan dubawar, malamai, ita ce rabin aikin wallahi.

Kuma manomi baya buƙatar zuwa babban birni, ofishin ma'aikatar noma yana nan kusa da shi, kwamitin gunduma ma da ke sa ido kan rabon tallafi manoma ne suke zaɓensa da ƙuri'a a tsakaninsu.

Amma fa kada ku ce komai lafiya lau. A 2007 ƙasar da ke cikin CRP ta haura eka miliyan 36, da masara ta yi tsada mutane suka ƙi sabunta yarjejeniya, majalisa ma ta rage adadin ekar da aka yarda a sa a shirin, zuwa 2020 ya sauko wajen miliyan 22. Ka ga kenan ciyawar da aka biya shekara goma ana raino, kaka ɗaya tarakta ta juye ta. Ni a ganina nan ne raunin shirin yake, hayar alheri aka yi ba saye ba.

Sannan akwai wata doka da nake so, a ƙa'ida ba a yarda a sa fiye da kashi 25 na gonakin gunduma ɗaya a shirin CRP ba. Me yasa? Saboda in kowa ya daina noma mai sayar da iri ya rufe shago, bakanike ya tashi, makaranta ta rasa yara, garin ya mutu ana ji ana gani. Shi kuma ɗan haya, wanda bashi da gonar kansa, shi ya fi shan wuya, don mai gona zai iya karɓe abinsa ya sa a shiri ya zauna a birni yana karɓar cek.

Alhaji na ga hannunka a sama tun ɗazu, a miƙa masa abin magana.