Sharhi: An Gina Aji, Ina Malamin?

Assalamu alaikum masu sauraronmu a Bauchi da kewaye. Sharhinmu na yau a kan malamin firamare yake, da abin da ke shiga aljihunsa a ƙarshen wata.

Duk wanda ya bi hanyar Bauchi zuwa Azare, ko ya nufi Dass da Tafawa Ɓalewa, zai ga azuzuwa da sabon fenti da sabon kwano a bakin titi. Abin a yaba ne. Amma ka tsaya da hantsi ka leƙa ciki. Sau da yawa malami ɗaya za ka tarar a gaban yara fiye da ɗari, wasu a benci, wasu a ƙasa. Ajin da ke kusa kuwa monita ne a tsaye da bulala yana rubuta sunayen masu surutu. Allin ma wani lokaci hedimasta ne ya saya da kuɗinsa.

Akwai dalilin da ya sa gini ke gaba, malami ke baya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, kashi 2 cikin 100 na kuɗaɗen shigar gwamnatin tarayya, kuma sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓi tallafin gine-gine. Kuɗin nan ga azuzuwa da kujeru da littattafai da bitar malamai yake tafiya, albashi ba ya ciki. Albashin malamin firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa, ga su har 20 a jiharmu, kowace da nauyin da ya yi mata yawa. Kuma gini ana taruwa a buɗe shi, a ɗauki hoto. Ƙarin girman malami kuwa babu mai gayyatar makaɗa a kansa.

A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Malamai da dama sun ji hukuncin da fargaba, don tsofaffinsu ba su manta zamanin da ake jera watanni babu albashi ba. Dole a fito fili a faɗa musu wa zai biya su, kuma a wace rana.

Sun sha jin alkawari. Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba 2020, gwamnatin marigayi Muhammadu Buhari ta yi musu albishir da tsarin albashi na musamman. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta kai shekarun ritayarsu 65. To, malamin da ke Ningi ko Gamawa kullum tambayarsa ɗaya ce: mene ne ya ƙaru a hannunsa? Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota da mudun masara suka yi tashin gwauron zabi. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira dubu 70 a 2024, amma mai iyali ya san kafin tsakiyar wata an koma cin bashi wajen mai shago. Shi ya sa da an tashi makaranta sai ka ga malam ya nufi gona, ko ya karɓi Keke Napep ya yi ta jigila har dare. Yaushe zai zauna ya duba littattafan yara?

Ɗan talaka ne ke biyan wannan farashi. Ya kai aji biyar bai iya haɗa baƙi ya karanta jimla ɗaya ta Hausa ba, alhali mai hali ya tsere da nasa makarantar kuɗi. Abin da ciwo a Bauchi, garin da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano suka riƙe alli a makarantar Midil.

Ga kwalejojin ilimi a Azare da Kangere suna yaye masu takardar shaidar malanta ta NCE duk shekara, da yawansu na zaune a gida. A ɗauke su bisa cancanta, a tura su ƙauyukan da babu malami, a ba su alawus ɗin zaman karkara. A biya bashin ƙarin girma, a sallami waɗanda suka yi ritaya da haƙƙinsu. 'Yan majalisar dokokin jiha kuma, idan kasafin kuɗi ya zo gabansu, su tambayi malamai nawa za a ɗauka kafin su tambayi azuzuwa nawa za a gina.