Amsoshin Tambayoyinku: Ana iya auna kuran da haske?

Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka. Wasiƙarmu ta farko daga nan Maradi take, unguwar Mokoyo, daga wani mai aikin wuta. Ya ce ya ji wai ana auna ƙarfin kuran, wato wutar lantarki, da haske ba tare da an taɓa waya ba, shin gaskiya ne ko zancen majalisar shayi?

Malam, gaskiya ne, kuma ilimin ba na yau ba ne. A shekarar 1845 Michael Faraday na Ingila ya ratsa haske ta cikin gilashi mai dalma, gilashin kuwa yana tsakiyar maganaɗisu mai ƙarfi. Hasken an riga an tace shi, yana kaɗawa ta fuska ɗaya kawai, kamar igiyar da yaro ke kaɗawa sama da ƙasa. Da ya fito ta ɗaya gefen sai aka tarar fuskar kaɗawar ta ɗan karkata. Iya ƙarfin maganaɗisun, iya karkatar.

To, kai ka sani duk wayar da kuran ke bi, maganaɗisu na zagaye da ita. Da shi ne na'urarka mai baki irin na ƙaguwa take karanta amfiya, wato ma'aunin yawan kuran, in ka maƙala ta a waya. Su kuma masu awo da haske sai su naɗa zaren gilashi, siriri kamar gashi, ya zagaye wayar, su tura haske ciki, su auna karkatar da ya dawo da ita.

Abin da ya fi burge ni shi ne kuran ba ya bi ta cikin gilashi. Ka tuna layin da ke kawo mana kuran daga Katsina ta Gazawa, bolt dubu 132 ne. Taransifomar awo ta gargajiya a irin wannan layi ƙarfe ce da tagulla da mai, ga nauyi, kuma in wayar fitarta ta tsinke alhali wuta na gudu, tana iya halaka mutum. Zaren gilashi ba shi da wannan haɗarin. Yana auna kuran mai tafiya hanya ɗaya ma, shi ya sa masana'antun narka alminiyam ke amfani da shi, inda amfiya ke kai dubu ɗaruruwa.

Wata ɗalibar Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo kuma ta tambaya ko zafin garinmu ba zai ruɗa awon ba. Malama, kin taɓo inda matsalar take. Zafi na sauya yadda gilashin ke karkata haske, girgiza ma haka, ga shi a watan Afrilu muna haura digiri 40. Don haka masu ƙera na'urar suke haɗa ta da dabarar gyara lissafi gwargwadon zafin wurin. Duk wanda zai sayo mana ita, ya fara tambayar iyakar zafin da aka gwada ta a kai.