Raunin da ba ya isa teburin sufeto

Jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau ya leƙa wuraren da ake neman abinci da ƙarfin damtse a nan birnin Yamai: masana'antun da ke wajen Gamkalle, rumfunan walda da narka alminiyum na kasuwar Katako, da benayen da ke ta tashi a kowace unguwa.

Ku tsaya a gindin benen da ake zuba wa kankare, ku ɗaga kai. Saurayi ne ke hawa da bokitin siminti a ka, a kan katakan da aka ɗaure da waya, ƙafarsa da silifa, babu hular kwano, babu igiya a ƙugu. A rumfar walda kuma, tabarau na rana ne ke tsakanin ido da tartsatsi, an cire murfin injin yankan ƙarfe wai yana rage sauri. Ranar da faifan ya fashe, fuska yake nufa.

Ba doka muka rasa ba. Dokar ƙwadago ta 2012 ta ɗora wa mai ba da aiki alhakin kare rai da lafiyar ma'aikacinsa. Tun 2009 Nijar ta amince da yarjejeniyoyi masu lamba 155 da 161 da 187 na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, waɗanda suka shafi kariya da lafiya a wurin aiki. In haɗari ya auku, wajibi ne a sanar cikin awa 48, sannan asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, wato CNSS, ya ɗauki kuɗin magani, ya biya kwanakin jinya, ya yanka wa wanda ya nakasa abin da zai riƙa karɓa.

To, amma leburan da aka ɗauka da safe aka sallama da yamma, wa ya rubuta sunansa? Ga yadda abin ke tafiya, kuma kowa ya sani. Inji ya cinye yatsu huɗu, maigida ya sa shi a mota zuwa asibiti, ya biya maganin farko, ya danƙa wa dangi 'yan jikkuna, ya ce a yi haƙuri, haka Allah ya rubuta. Dangi su yi godiya, domin ƙanen mai raunin ma a nan yake aiki, kuma ba a faɗa da mai ba ka tuwo. Ba mu musun ƙaddara, amma ba ita ta kwance murfin inji ba. Bayan 'yan watanni yaron yana ƙauye, hannun ba ya riƙe hauya, maigida ya daina ɗaukar waya.

Wannan sasanci shi ne babbar ɓarna. Raunin da ba a rubuta ba, sufeton ƙwadago bai san da shi ba, ba ya cikin alƙaluman hukuma, injin kuma yana nan yana jiran na gaba. Alhali doka ba ta ce lebura ba ma'aikaci ba ne.

Sufetoci, a ganinmu, sun fi zama jiran ƙarar albashi da ta kora. A ba su mota da mai su fita, ba tare da sanarwa ba. Ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN da CDTN kuwa, jawabin 28 ga Afrilu, ranar kariya da lafiya a wurin aiki ta duniya, bai isa ba. Mai walda a Katako bai san ƙofar ofishinku ba.

Akwai kuma abin da ba ya cin kuɗi. Duk wanda aka kawo sashen gaggawa da yankakken hannu ko karayar baya, a Babban Asibitin Ƙasa ne ko a na Lamorde, a tambaye shi inda abin ya faru da sunan wanda yake yi wa aiki, a rubuta, a aika wa sufeto a ranar, tun maigida bai gama lallashin dangi a bakin ƙofa ba.