Izini na Biyu: Yadda Ƙwayar T Mataimakiya Take Shiga Aiki

Ku dubi kaluluwar da ke ƙarƙashin haɓa. A cikin irinta ake yanke hukuncin ko jiki zai fita yaƙi.

Ga ƙwayar dendiritik, mai yi wa garkuwar jiki sintiri, ta iso daga inda cuta ta shiga, tana riƙe da ɗan guntun furotin na ƙwayar cutar a kan wani sinadari mai suna MHC II. Ƙwayar T mataimakiya, farar ƙwayar jini mai ɗauke da furotin CD4 a jikinta, ta matso ta gane shi. Wannan ce alama ta farko, amma ba ta isa ba. Kamar soja ne: ganin maƙiyi daban, samun umarnin harbi daban.

Umarnin yana zuwa ne idan furotin CD28 da ke jikin ƙwayar T ya kama furotin CD80 ko CD86 na ƙwayar dendiritik, ita kuwa ba ta yawaita su sai ta ji haɗari na gaske. Da zarar sun haɗu, ƙwayar T ta fara fitar da IL-2, sinadarin da ke sa ta yawaita, ta yi ta hayayyafa. In babu wannan haɗuwa, sai ta yi laƙwas, ko an sake nuna mata guntun ba za ta motsa ba. Wannan na cikin abin da ke hana garkuwar jiki afka wa mai ita.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, izinin yana da hannu a irin aikin da ƙwayar za ta riƙe. Akwai sinadaran saƙo da su ma ke nuna mata hanya: IL-12 na karkata ta zuwa nau'in Th1 mai yaƙar cutar da ke ɓuya cikin ƙwayoyin jiki, IL-4 zuwa nau'in Th2 mai yaƙar tsutsar ciki. Amma wadda za ta taimaki ƙwayoyin B na garkuwar jiki su ƙera antibodi (furotin mai kama ƙwayar cuta) mai inganci, wato nau'in Tfh, sai da ICOS, wani furotin na izini irin CD28 da ke jikin ƙwayar T. A 2003 aka gano mutanen da aka haifa babu ICOS: antibodinsu ƙasa yake, cututtuka ba sa barin su hutawa.

Akwai kuma birki a jikin ƙwayar T, furotin CTLA-4, wanda ya fi CD28 ƙarfin kama CD80 da CD86. Da shi aka haɗa maganin abatacept na amosanin gaɓɓai. James Allison kuwa ya nuna cewa sakin birkin yana sa ƙwayoyin T su far wa ciwon daji, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel ta 2018 tare da Tasuku Honjo.