Laccar sa tayil a gida: aikin yana ƙarƙashi

Assalamu alaikum. Na baya can kuna ji na ko? To madalla.

Mu nan Zazzau ba baƙin gini ba ne, garin da Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a tun zamanin Sarki Abdulkarim, kuma iyayenmu mata da suke daɓe da makuba sun san sai ƙasa ta daku ta zauna sannan ake maganar sheƙi. To tayil ma haka yake, amma yanzu mutum zai shiga Sabon Gari ya yi awa biyu yana zaɓen kala, ya dawo ko leƙa abin da ake zubawa a ƙarƙashi ba zai yi ba.

Ni kaina an min. Falona a Tudun Wada, mai aikin ɗan dangwala kwaɓin yake a kusurwa huɗu da tsakiya ya ɗora, wai yana min tattalin siminti, kuma ya matse su gam da juna har jikin bango babu ko ɗan fili. Da aka fita daga hunturu zafi ya shigo, wata rana da azahar sai muka ji ƙara kamar an fasa kwalba, uwargida ta fito a guje, layi guda ya tashi ya yi tozo. Tayil yana ɗan buɗewa da zafi yana tsukewa da sanyi, in bai samu wurin motsi ba sama zai yi.

Saboda haka ku bar fili tsakaninsu, milimita 2 ko 3, akwai 'yan robobin nan masu kamar alamar tarawa da ake sakawa, jikin bango ma a bar kaɗan, sikatin, wato siririn tayil da ake zagaye gindin bango da shi, zai rufe. Kwaɓi kuma ya cika bayan tayil ɗin duka, a bubbuga da gudumar roba, a ɗora lebur. Washegari ka ɗauki makulli ka bi kana ƙwanƙwasawa, wanda ya yi kuwwa kamar ganga to akwai rami, a cire shi tun mai aikin bai karɓi cikon kuɗinsa ba.

Malam ka ce jiƙawa? Eh, na siramik yana shan ruwa, in da siminti da yashi za a sa a tsoma shi a baho tukuna, in ba haka ba zai zuƙe ruwan kwaɓin ya ƙi kamawa. Na foselin, wato nau'in tayil mai tauri, kusan ba ya sha, shi gam ɗin tayil ya fi riƙe shi.

Lissafi kuma, tayil mai santimita 60 da 60 yawanci huɗu ne a kwali, sikwaya mita 1.44 kenan, ka ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ka duba lambar da ke jikin kwalayen ta zama ɗaya, don in ka koma sayen ciko kalar sai ta ɗan bambanta.

Kada a taka sai ya kwana, sannan a cike layukan. Banɗaki kuwa mai kaushi za ku saya saboda tsofaffi da masu alwala, kuma kafin ka sallami mutum ka zuba bokiti guda ka tsaya ka ga inda ruwan ya nufa.

An kira la'asar ko? To sauran tambayoyin sai mun idar.